Annoba ta gaba ba za ta jira mu huce ba

Duk wanda ya taɓa tayar da maganar allurar rigakafi a majalisa a Kano ya san inda hirar take ƙarewa. Ko da ta korona aka faro, ko ɗigon shan-inna, ko allurar sankarar mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata a 2023, a ƙarshe sai wani ya gyara zama ya ce, "Kun manta abin da aka yi wa yaranmu a Asibitin Zana?" Daga nan sai a yi tsit, don ba wanda yake da bakin musa masa.

Ni ma ba na musa masa. Abin ya faru, kuma bai kamata a manta ba. Inda muka rabu da shi shi ne darasin da ya ɗauka. Shi a ganinsa mu rufe ƙofa, kada mu yarda a gwada komai a kanmu, kada mu karɓi abin da ba mu san asalinsa ba. Ni kuwa ina ganin rufe ƙofar nan ya ci 'ya'yanmu fiye da yadda gwajin kansa ya ci, kuma in muka ci gaba a haka, ranar da wata annobar ta sauka za ta same mu ba magani, ba allura, ba kuma mai sauraronmu.

A 1996 sanƙarau ya yi wa Arewa ɓarnar da ba a saba gani ba. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya turo likitoci Asibitin Zana a Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce gwajin ya saɓa ƙa'ida. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ya nemi yardar iyaye da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran ba maganin ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shekara 13 ke nan iyaye suna jira.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da aka fara raɗe-raɗi a 2003 cewa ɗigon shan-inna yana hana haihuwa, maganar ta samu wurin zama nan take. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo ɗigon daga Indonesiya. A ɗan tsakanin nan da shekarun da suka biyo baya, ƙwayar da ta tashi daga Arewacin Najeriya ta shiga ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiyar. Samarin da muke gani yau a bakin danja a kan keken guragu, wasunsu 'ya'yan wancan lokacin ne. A watan Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a cikin birnin nan. Allah Ya jiƙansu.

Na san akwai mai cewa wannan tsohon zance ne, shan-inna ta asali, wadda ake kira ta daji, ta bar Kano tun 2014, an kuma tabbatar wa Afirka da rabuwa da ita a watan Agustan 2020. Haka ne. To mashaƙo fa? Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 Kano ce ta zama cibiyar wannan cuta a duk Najeriya, fiye da rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu 'yan jihar nan ne, akasarinsu yara da ba a yi musu allura ba ko ba a kammala musu ba. Wanda ya ga yaro mai mashaƙo ba ya mantawa. Wuya ya kumbura har ya haɗe da haɓa, in ya buɗe baki sai ka ga wata fata mai launin toka ta lulluɓe maƙogwaro, numfashi yana fita da ƙara kamar ana jan sa da igiya, uwa tana riƙe da shi ba ta da abin yi sai addu'a. Rigakafin wannan cuta ya haura shekara 90 a duniya. Yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a sati 6 da sati 10 da sati 14, kyauta. Ba sabuwar cuta ba ce da ta zo mana ba shiri. Mun san ta, mun san abin da yake hana ta, amma ta shiga gidajenmu ta ɗauki yara. Ko maganin da yake karya dafinta sai da ya yi ƙaranci, saboda kamfanonin da suke yin sa a duniya ba su da yawa, tunda ƙasashen da suke da kuɗi sun daina buƙatarsa.

In haka muka yi da cutar da kakanninmu suka sani, yaya za mu yi da wadda ba a ma raɗa mata suna ba?

Mun ɗanɗana a 2020. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare, masu haƙa kabari sun fara faɗa wa 'yan jarida cewa gawarwakin da ake kawo musu sun wuce yadda aka saba. Dattawa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, malamai da 'yan boko da masu sarauta. A daidai wannan lokacin ɗakin gwajin da jihar ta dogara da shi ya tsaya na wasu kwanaki. Birni mai miliyoyin mutane ya zauna ba mai iya gaya masa abin da yake kashe shi. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce hawan jini da ciwon suga ne, wasu suka ce masassara. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana ganin suna da alaƙa da korona. Ta hanyar tambayar iyalai aka gano hakan, bayan an daɗe da binne mutanen. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau: ba mu san me ya same mu ba sai da ya wuce.

Allurar korona ta fito cikin saurin da ba a taɓa gani ba. An wallafa tsarin halittar ƙwayar a watan Janairun 2020, aka fara yi wa mutane allura a Ingila ranar 8 ga Disamba na shekarar. Mutanenmu da yawa wannan saurin ne ya tsorata su, kuma tambayarsu tana kan hanya. Amsar ita ce ba a wannan shekarar aka fara aikin ba. Katalin Karikó da Drew Weissman, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2023, sun wallafa binciken da ya buɗe hanyar tun 2005, lokacin da ba mai kula su. An kuma daɗe ana nazarin dangin wannan ƙwaya tun ɓullar cutar numfashi ta SARS a 2002. Waɗanda suka zuba kuɗi a wannan aikin na shekaru su suka fara samun allura. Najeriya ba ta ga nata ba sai 2 ga Maris 2021, allura ƙasa da miliyan 4 ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Daga baya da gudummawa ta riƙa zuwa, wasu alluran saura makonni su lalace, har a watan Disamba na shekarar aka zubar da fiye da miliyan 1 a Abuja. Afirka tana sayo kusan kashi 99 cikin 100 na alluran da take amfani da su daga waje. Wanda ba ya yi, ba ya kuma cikin masu gwadawa, dole ya tsaya a ƙarshen layi.

Ba yau aka fara ba. Magungunan da suke danne ƙwayar ƙanjamau sun fara ceton rayuka a Turai da Amurka a 1996, amma kuɗinsu ya haura dala 10,000 a shekara. Miliyoyin 'yan Afirka suka mutu magani yana nan, sai da kamfanin Cipla na Indiya ya ce a 2001 zai sayar a kan dala 350 sannan farashi ya fara karyewa.

Maganar magani ma ta fi ta allura damuna, don ita ce ba ma yi. Mu nan in mura ta kama mutum sai ya je kyamis a haɗa masa kafso, ya sha kwana biyu ya ajiye. Kafson nan na kashe bakteriya ne, ba ya taɓa bairos ko kaɗan, mura da korona kuwa bairos ce take kawo su. Ita bairos shiga take cikin ƙwayoyin jikin mutum ta yi amfani da su wajen hayayyafa, shi ya sa samun maganin da zai kashe ta bai cutar da mai ita ba yake da wuya, yake kuma cin shekaru. Paxlovid, maganin korona da ake haɗiya, ya samo asali ne daga wani aiki da aka fara bayan SARS aka ajiye, kuma sai an fara shan sa cikin kwana biyar da bayyanar alamun cuta yake amfani. Ma'ana, magani ba wurin gwajin gano cutar a kusa aikin banza ne. Kamfanin da ya yi shi kuwa shi ne dai Pfizer. Na faɗi haka ne don mu gane cewa duniyar magani ba ta rabu gida biyu ba, na mala'iku da na shaiɗanu. Kamfanoni ne masu neman riba, suna yin abin kirki inda aka sa musu ido, suna yin yadda suka ga dama inda ba mai tambayarsu.

Ga zazzaɓin Lassa. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969. Duk rani yana kashe mutane a ƙasar nan, kuma a watan Janairun 2020 ya kashe likitoci biyu a nan Kano bayan sun yi wa wata mai juna biyu aiki. Fiye da shekara 50, har yau ba allurar rigakafinsa da aka amince da ita. Maganin da ake bayarwa, ribavirin, ya dogara ne a kan wani tsohon bincike na shekarun 1980 wanda masana da yawa yanzu suke shakkar ƙarfinsa. Wa muke jira ya warware mana wannan? Ba a Landan cutar take ba, ba a Beijin ba. In za a samu maganin Lassa, a jikin masu Lassa za a tabbatar yana aiki, su kuwa mu ne. A 2024 an fara gwajin wata allurar Lassa mataki na biyu a Abuja, da tallafin ƙungiyar CEPI mai ɗaukar nauyin binciken alluran rigakafin annoba. Na yi murna da jin haka, na kuma tambayi kaina: da Kano aka ce za a kawo wannan gwajin, mutum nawa za su miƙa hannu?

Gwaji na gaskiya shi ne kaɗai yake raba magani da jita-jita. A farkon korona mutane suka yi rububin kulorokwin har wasu suka kwanta asibiti a Legas saboda sun sha ya wuce ƙima. Wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Ingila shi ya nuna a watan Yunin 2020 cewa irin wannan maganin ba ya hana mutuwa, ya kuma nuna cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha da yake kwantar da kumburi, yana rage mutuwar waɗanda aka sa wa na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Marasa lafiya dubbai ne suka yarda aka saka su, bayan an yi musu bayani. Kada kuma a ce sai Turawa. A Kwango, ana tsakiyar annobar Ebola ta 2018 zuwa 2020, a yankin da ake yaƙi, aka gudanar da gwajin da ya gano magunguna biyu masu ceton rai, kuma cikin jagororinsa akwai Farfesa Jean-Jacques Muyembe, ɗan ƙasar. Ɗaya daga cikin magungunan daga jinin wani ɗan Kwango da ya warke daga Ebola a 1995 aka samo shi.

Bambancin wannan da abin da ya faru a nan a 1996 shi ne wanda yake riƙe da ragama. Don haka abin da nake so mu nema ba a daina gwaji a Kano ba ne. A yi shi, amma da sharuɗɗanmu. Likitanmu ya kasance cikin masu jagoranci, ba mai tara yara a layi ba. Takardar neman yarda ta zo da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa uwa da uba a gaban shaidar da suka zaɓa, a gaya musu ƙarara cewa in sun ƙi ba za a hana ɗansu maganin da aka saba bayarwa ba. Kwamitin da yake duba halaccin bincike ya ƙunshi malamin addini da mace daga cikin unguwa, ba farfesoshi kaɗai ba. A rubuta tun farko wanda zai biya in wani ya samu illa. A kuma rubuta cewa in maganin ya yi, za mu same shi a farashin da za mu iya. Yawancin wannan ba sabon abu ba ne a takarda, Najeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya tun 2007, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta wajabta neman yarda a rubuce. Abin da ya rage shi ne talaka ya san yana da wannan haƙƙin, kuma gidajen rediyonmu za su iya sanar da shi.

Ba daga sifili za mu fara ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Jami'ar Bayero, akwai cibiyar bincike da aka gina a Kwanar Dawaki da wani ɓangare na kuɗin sasancin Trovan. Tun 2011 ake ɗibar ruwan kwatami a Kano ana gwadawa don neman ƙwayar shan-inna, kuma irin wannan hanyar ce ƙasashe da yawa suka bi wajen gane korona ta shigo gari kafin asibitoci su cika. Yaƙin shan-inna ya bar mana dubban mata da suka san kowane lungu da kowace uwa, waɗanda muke ganin rubutun allinsu a jikin ƙofofinmu, ya bar masu unguwanni da dagatai da suka saba kai rahoto. Ma'aikatan da suka ƙware a wannan yaƙin suna cikin waɗanda suka shawo kan Ebola a Legas a 2014, bayan Dakta Stella Adadevoh ta hana mai cutar fita daga asibiti, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. Mutum 8 suka rasu a ƙasar da ake tsoron za a rasa dubbai. Tsorona shi ne wannan tsarin da kuɗin waje aka gina shi, kuɗin wajen kuma suna janyewa. Amurka ta sanar da ficewarta daga Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Janairun 2025, ta kuma rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID. In gwamnatin jiha ba ta ɗauki albashin waɗannan mata da kuɗin sinadaran gwaji ta saka a kasafinta ba, ta kuma saki kuɗin a kan lokaci, za su watse kowa ya kama sana'arsa.

Batun yin allura a gida kuwa na gwamnatin tarayya ne, kuma abin takaici ne. Ɗakin da ake yin allurai a Yaba ya yi shekaru yana samar da na agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara, bai sake buɗewa ba. Senegal tana yin allurar shawara a Dakar tun 1937 har gobe. A Vom ta jihar Filato muna yin allurar dabbobi. A 2022 an saka Najeriya cikin ƙasashen Afirka shida da za a koya wa sabuwar fasahar da aka yi allurar korona da ita, kuma ƙasashen duniya sun amince da yarjejeniyar annoba a watan Mayun 2025. Duk alheri ne, amma ni ba zan ƙirga su ba sai na ga kwalbar allura da aka yi a ƙasar nan a cikin firjin asibitin unguwa.

Akwai wata tambaya da matan rigakafi suke sha a bakin ƙofa, kuma ita ce ta fi kowace nauyi: "Me ya sa kuke biyo mu har gida da ɗigo kyauta, amma in yaro ya yi zazzaɓi muka je asibiti sai mun sayi kati, mun sayi magani, har da safar hannu?" Mai wannan tambayar ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Na taɓa zama a wani ƙaramin asibiti ranar allura. Mata sun cika benci tun safe, kowacce da goyo da katinta a leda. Wajen azahar aka ce wa masu jiran allurar ƙyanda su dawo wani satin, don kwalba ɗaya ta yara goma ce, in an fasa ba a ƙarar cikin 'yan sa'o'i ba sai zubarwa, su kuwa ba su kai ba. Wata ta ce, "Malama, kuɗin A Daidaita Sahun ma rance na yi." Wannan matar ba ƙin allura ta yi ba. Da wuya ta dawo, kuma in an zo ƙidaya za a saka ɗanta cikin 'ya'yan masu taurin kai. Mutumin da asibitin unguwarsu bai amfane shi ranar zazzaɓi ba, ba zai yarda da shi ranar annoba ba, komai yawan sanarwar rediyo.

Ga malamanmu kuma, Allah Ya ƙara musu daraja, akwai nauyi a wuyansu. Su suka koya mana cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya hana na ciki fita. Su suka ba mu labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ina roƙon a kira su tun yanzu da ake zaune lafiya, a kai su ɗakunan gwaji su gani da idonsu, su yi duk tambayar da suke so a amsa musu ba tare da raini ba. Kiran malami ranar da gawa ta fara yawa don ya karanta sanarwar da wani ya rubuta ba shawara ba ce.

Kano gari ne na shige da fice. Manyan motoci suna sauke kaya a Dawanau daga Nijar da Chadi, 'yan Kwari suna zirga-zirgar Sin da Dubai, alhazai suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu, ana shigo da kaji da dabbobi kullum. Murar tsuntsaye da ta fara bayyana a Afirka a 2006 a gonakin Kaduna da Kano aka gan ta. Duk cutar da ta tashi a duniya tana da hanyar zuwa nan. Abin da nake so 'yan majalisar jiha su tambayi ma'aikatar lafiya a zaman kasafin kuɗi mai zuwa shi ne: in masu haƙa kabari a Dandolo suka ga gawa ta ninka cikin mako guda, wa za su kira, kwana nawa za a ɗauka kafin a san cutar, kuma kuɗin sinadaran gwajin a wane layi suke cikin kasafin?